Gwaggo Ba Ta Taɓa Ludayi

Benen da muke haya ba a girki a cikinsa. Tun shekarar da risho ya kama labule a hawa na biyu, mai gida ya sa aka bi ɗaki-ɗaki aka kwashe duk wani abu mai harshen wuta, ya kuma rantse cewa duk wanda aka jiyo ƙamshin albasa daga ƙofarsa ya tattara komatsansa ya kama gabansa. Ɗakunan ma dai ba wasu ɗakuna ba ne. Gado, kujera, taga ɗaya, in ka miƙe hannu ka taɓo bango. Ni da Inna muna can sama. Ni ce autarta, kuma har yau da furfura ta fara leƙo mini, Auta take kirana, shi ya sa duk benen ya ɗauka.

Aikina guga ne a wani otal. Zanin gado da rigunan baƙi, daga safe har rana ta karkata. Ba na kuka da aikin, yana riƙe mu. Abinci kuwa a ƙasa muke saye, a kantin da ke gindin benen. Mai kantin kowa Kawu yake ce masa, matarsa kuma Gwaggo, ko da yake ba wanda ya haɗa jini da su. Shi yana gaba da kayan awo da gwangwanaye, ita tana baya da manyan tukwanenta, tana zuba mana abinci mai zafi a farashin da ba ya karya mutum. Hannun Gwaggo kuwa sai wanda ya ci. Ko ruwa ta tafasa sai ka nemi ƙari.

Ana nan sai aka kawo sabon haraji. A rediyo aka ce an yi shi da tausayin talaka, domin ɗanyen abinci ba a ɗora masa ko sisi ba, dafaffe ne kawai zai ɗauka, tunda wai cin dafaffe a waje jin daɗi ne. Na saurari bayanin nan ina guga, saura kaɗan in ƙona rigar mutane. Talakan da suke nufi yana da kicin. Mu da ba mu da inda za mu ɗora tukunya, mu ne 'yan jin daɗin. Mace za ta faka mota ta sa a ɗora mata buhun shinkafa, ba ruwanta da haraji. Ni in sayi faranti ɗaya na wannan shinkafar, sai an ƙara mini. Ƙwai biyu a kan teburi ɗaya, ɗanye da dafaffe, kaza ɗaya ta yi su, amma wanda ya shiga ruwan zafi ya zama abin masu hali.

Ƙarin ba wani mai yawa ba ne in ka kalle shi sau ɗaya. Amma ciki ba sau ɗaya yake kira ba. Sannu a hankali na fara rage mana, abincin rana ya zama rabi, na yamma ya koma burodi da shayin da nake cikowa a filas daga wurin aiki. Inna ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Awarwaron azurfar da ke hannunta ne ya tona mana asiri.

Yayana ya zo ganinta daga garin da yake aiki. Ta ɗaga hannu za ta sa masa albarka, sai awarwaron ya zame tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Yaya ya bi shi da kallo, sannan ya juyo gare ni.

“Auta, me kike ba ta?”

“Abin da nake ci.”

“To ke ma ba ki da kyan gani. Ƙarshen wata mai zuwa zan zo da mota. In na same ta haka, da ita zan koma.”

Inna ta ce, “Wa ya ce maka ni kaya ce da za a ɗauka?”

“Inna, ki yi haƙuri, amma ba zan zuba ido ba.”

Ba zan ce ya yi laifi ba. Gidansa yana da kicin har da firiji, matarsa mutuniyar kirki ce. Sai dai daga shi har ita fita suke yi tun sassafe, kuma unguwarsu kowa ya ja ƙofa ya rufe. Inna ta taɓa yin mako a can ta dawo tana cewa har da talabijin ta fara gaisawa. Nan kuwa ta san tarin kowa a matakala. Ni ma, in faɗi gaskiya, ba na son ta tafi. Ina dawowa a gajiye, muryarta ce take sa ɗakin ya zama gida. Ranar na sauko da akwatinta daga saman kwaba na ajiye a gindin gado.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa ba. Cinikin Gwaggo ya faɗi warwas, tukwane suna kwana da abinci. Sai Kawu ya zo da dabara. Ya tara mu a bayan kantin, inda murhun gas yake a ƙarƙashin rumfar kwano, ya yi gyaran murya.

“Daga yau mun daina sayar da dafaffe. Ku sayi ɗanye, ku zagayo nan, ku dafa abinku. Gas ɗin kyauta ne, don Allah na bayar. Amma da sharaɗi ɗaya.” Ya nuna matarsa. “Wannan baiwar Allah ba za ta taɓa ludayi ba.”

Gwaggo ta ce, “Kamar yaya?”

“Kamar yadda kika ji. Hannunki na taɓa tukunya, ya zama girkinki. In ya zama girkinki, za a ce dafaffe muke sayarwa a ɓoye, a sa wa kantin nan kwaɗo. Ki yi magana da baki yadda kike so, amma hannu a baya.”

Kawu mutum ne mai kirki, sai dai duk wanda ya rataya kati a wuya, ko mai karanta mitar ruwa ne, gabansa faɗuwa yake yi. Ba wanda ya tambaye shi inda ya samo wannan hukunci. Ya faɗa da ƙarfin gwiwa, mu kuma muka ɗauka haka doka ta ce.

Haka aka fara. Gwaggo takan tsaya a gefen murhu ta mayar da hannayenta baya, ta cusa manyan yatsunta cikin igiyar rigar girkinta don kada su kuɓuce mata. Mu kuma mu yi layi da 'yan ledojinmu. Akwai Maigadi, tsohon da ke tsaron wani gareji, wanda a rayuwarsa bai taɓa soya ko ƙwai ba. Akwai Tela na hawa na biyu, mai zuba gishiri kamar yana jin haushinsa. Ga kuma ni.

“Juya, bawan Allah! Ba haka ba, ba siminti kake kwaɓawa ba!”

“Tela, ajiye gishirin nan. Na ce ajiye! Wayyo ni, ya zuba.”

“Auta, ruwan ya yi yawa. A'a, kada ki tsiyaye duka! Ke wai wa ya raine ki?”

Inna ce ta raine ni, kuma ta yi iya ƙoƙarinta. Ina iya goge riga har ta tsaya da kanta, amma ni da tukunya ba ma ga maciji. Shinkafata ko ta fito da tsakuwa a ciki, ko ta caɓe ta zama kunu. Gwaggo tana tsaye tana kallon ana wulaƙanta abinci a kan murhunta, kafaɗunta suna motsi. Wata rana da Maigadi ya ƙona wake, da idona na ga hawaye a fuskarta, ta ce hayaƙi ne.

Kuɗi dai sun ragu a kanmu, wannan gaskiya ne. Amma Inna takan yi loma biyu ta ture farantin ta ce, “Alhamdu lillahi, Allah ya yi miki albarka.” Albarkar ina karɓa, awarwaron kuwa yana nan yana yawonsa. Wata ya raba, akwatin yana nan a gindin gado.

Ranar da abin ya faru an riƙe mu a wurin aiki, baƙi sun cika otal. Na dawo rana ta yi sanyi, na shiga kantin in sayi dankali, sai na tarar da Kawu a tsaye ƙiƙam, zufa ta jiƙa masa wuyan riga. A gabansa wata mata ce mai matsakaicin shekaru, da kati a wuya da jaka a kafaɗa, takalmanta duk ƙura. Ba sai an gaya mini ba, jami'ar haraji ce.

Tana cewa, “Da kuna sayar da dafaffe, yanzu kun daina, amma ga ƙamshi yana tasowa daga baya. Zan iya gani?”

Kawu ya ce, “Bismilla, ranki ya daɗe, bismilla,” da muryar da ba tasa ba.

Na bi bayansu. Muna zagayawa na ja na tsaya. Inna ce a gaban murhu. Ashe da ta ga na daɗe, ta lallaɓo ta sauko da sandarta, ta ɗora tukunya da kanta. Romon kifi take yi. Inna ta iya girki, hannun ne ya daina yi mata biyayya, rawa yake yi ko kofi ta ɗauka. Maigadi da Tela suna zaune a benci da ledojinsu suna jiran layi. Gwaggo tana tsaye dab da Inna, hannu a baya, idonta kur a kan tukunyar.

Romon ya taso yana neman zuba. Inna ta kai hannu za ta ɗage murfi, tururi ya dake ta, ta janye da sauri, gwiwar hannunta ta bugi mariƙin tukunyar. Tukunyar ta karkato wajen ƙafafunta.

Ban ma samu bakin ihu ba. Gwaggo ta fizge hannayenta har igiyar ta tsinke, ta cafe tukunyar da gefen rigarta, ta mayar da ita daidai, ta ture Inna baya da kafaɗa. Ko ɗigo bai taɓa Inna ba. Da a nan ta tsaya, da an ce ceto ne. Amma hannun da aka daɗe ana ɗaurewa ya ji ɗumin tukunya. Ta rage wuta. Ta ɗauki ludayi ta juya a hankali don kada kifin ya farfashe. Ta ɗiga a tafin hannu ta lasa, ta ɗebi gishiri da yatsu uku ta barbaɗa. Sai da ta mayar da murfi ta ɗago, sannan ta ga wadda ke tsaye a bayan mijinta.

Kawu ya dafa bango ya ce, “Shi ke nan. Kin kashe mu.”

Jami'ar ta fara tambayar Inna ko ta ƙone. Da ta tabbatar lafiya, ta juya ga Gwaggo.

“Nawa kike karɓa in kin dafa wa mutum?”

“Ko sisi. Ai ba ma na dafawa. Yau ne tsautsayi ya faɗa mini.”

“Na ga da muka shigo hannunki a baya. Ciwo yake yi?”

Kawu ya yi caraf ya karɓe. Ya yi mata bayanin dokar ludayi tiryan-tiryan, yana rantsuwa cewa tun da aka fara matarsa ba ta taɓa ko cokali ba, ga shaidu nan a benci. Matar tana saurare, gefen bakinta yana motsi.

“Baba, wa ya gaya maka haka?”

“Ba wanda ya gaya mini. Ni na zauna na yi tunani.”

“To ka wahalar da baiwar Allah a banza. Doka ba ta san ludayi ba, ciniki ta sani. In ba a biyanta, ta juya tukunyar duk wanda ta ga dama.”

Gwaggo ta juyo ta kalli mijinta. Kallon nan ko ni da ba a yi mini shi ba sai da na matsa gefe. Tela ya fashe da dariya, ni kuma na saki wata ajiyar zuciya. Ashe da sauran rina a kaba, domin matar ba ta gama ba.

“Abu ɗaya ne zai ɓata. In sai wanda ya sayi kaya a kantinka ne yake hawa murhun nan, to dafaffe kake sayarwa, ka dai raba shi gida biyu ne. Akwai masu kawo nasu daga waje?”

Nan girman kai na ɗan kasuwa ya motsa wa Kawu. Ya gyara tsayuwa, ya bugi ƙirji.

“Daga waje? Allah ya kiyaye! Duk wanda kika gani a nan, a wurina yake awo. Mutanena ba sa cin amanata.”

Fuskar matar ta sauya. Ta ce, “To ka ga, a nan matsalar take,” ta fara zuge jakarta. “Dole in rubuta. Za a rufe bayan nan har sai an duba, kuma akwai tara.”

Ban san lokacin da na tsaya a gabanta ba. Na ce mata, “Ranki ya daɗe, kafin ki rubuta, ki hau sama ki ga ɗakinmu. Ki nuna mini inda zan ɗora tukunya. Mai gida ya hana wuta, ku kun sa wa dafaffe haraji, yanzu kuma za ku rufe murhu ɗaya da ya rage mana. Ɗanyar shinkafa za mu riƙa tauna? Masu kicin biyu a gida ba sa biyan komai, sai mu? Wannan tsohuwar uwata ce, in aka rufe nan ƙarshen wata za a raba ni da ita!” Muryata ta karye a ƙarshe, abin da ya ƙara ba ni haushi.

Matar ba ta yi fushi ba. Ta ce, “'Yar'uwa, ba ni na tsara ba. Ni ma yini nake a titi, abin da na ci da rana sai da na biya masa. Mun faɗa a ofis, ba sau ɗaya ba. Amma abin da mai kanti ya faɗa da bakinsa ba zan ce ban ji ba.”

Sai Inna ta ƙwanƙwasa sandarta a ƙasa. Tana zaune a kujerar da Maigadi ya tura mata.

“Kai, mai kanti. Zo ka buɗe tukunyar nan.”

Kawu ya zo ya ɗage murfi.

“Me ka gani?”

“Kifi, Inna.”

“Kana sayar da ɗanyen kifi?”

Ya girgiza kai. Kifin kantinsa duk na gwangwani ne.

“Wurin matar da ke zama da kwando a bakin tasha na aika aka sayo mini. Albasar ma ba taka ba ce. Taka ta yi tsiro, ga tsada.”

Maigadi ya yi tari, ya sunkuya ya buɗe ledar kantin Kawu da ke gabansa, ya zaro wata ledar daga cikinta, mai tambarin babban kantin tsallaken titi. Wake ne a ciki. Bai ɗago kai ba ya ce, “Kawu, ka yafe ni. Ranar Laraba suna rage farashi.”

Tela ma ya zaro tasa. Taliya da man gyaɗa, duk na tsallake. “Ni ashana nake saye a wurinka, don in samu ledar.”

Kawu ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, baki buɗe. “Kai ma, Tela? Da gas ɗina?” Ya juya ga matarsa. “Kin san da wannan?”

Gwaggo ta ce, “Tun ranar farko. Hannuna ka ɗaure, ba idona ba.”

“Kuma ba ki hana su ba?”

“In hana mai jin yunwa wuta? Ai cewa ka yi don Allah ka bayar.”

Jami'ar ta duba ledojin, ta leƙa tukunyar, sannan ta zuge jakarta ta rufe. Ta ce, “To wannan murhun maƙwabta ne, ba ruwan ofishinmu da shi. Ku bar shi haka. Kowa ya kawo nasa daga inda ya ga dama, kuma kada a karɓi ko sisi.” Inna ta ce a zuba mata romo. Ta shaƙi ƙamshin, ta ce wallahi ranta ya biya, amma tana bakin aiki, ba dama. Ta yi mana sallama ta fita.

Na zauna a kan wani buhun gawayi da ba a amfani da shi, ina dariya hawaye na zuba. Kawu kuwa ya rasa wanne zai yi, murna ko fushi. Ya ce wa Maigadi, “Ka cece ni, maci amana.” Daga baya ya rage kuɗin albasa.

Gwaggo ba ta tsaya jin sauran ba. Ta ƙulla igiyarta da ta tsinke, ta karɓe ledar Maigadi da ta Tela, ta ce duk wanda ya ƙara matsowa kusa da murhunta sai ta kwaɗa masa ludayi. Ni ta kalle ni ta ce, “Ke kuma je ki yi guga.” A ranar Inna ta shanye romonta tas, ta miƙa kwano aka ƙara mata.

Harajin yana nan, ba a cire ba. Abokan aikina da ke haya a wasu benaye, waɗanda ba su da Gwaggo a ƙasansu, har gobe suna biya, kuma duk lokacin da na tuna sai raina ya ɓaci. Mu dai Allah ya dube mu.

Ƙarshen wata Yaya ya zo da motarsa kamar yadda ya ce. Bai same mu a sama ba, aka nuno masa bayan kanti. Ya tarar da Inna a kujera tana ɓare tafarnuwa, suna musu da Gwaggo a kan lokacin da ya kamata a zuba ta. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ɗaga hannu ta ɗora masa a ka. Ni da shi duk awarwaron muke kallo. Ya ɗan zame, ya tsaya a tsakiyar hannu.

Yaya ya ce, “Da saura.”

Inna ta ce, “Da saura, amma a nan zan ƙarasa. Zauna a zuba maka, ka ga abin da nake ci.”

Ya zauna a benci kusa da Maigadi, aka miƙo masa faranti. Na bar su a nan na hau sama, na ɗauki akwatin Inna na mayar da shi saman kwaba.